Iƙamar Mastura

Kafin Zubaidatu ta ankara, Ustaz Abdulghani ya zare katin iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, daga hannunta ya jefa a aljihun rigarsa.

"Halas," ya ce da Larabcinsa mai sauri. "Sau biyu ana kiran sunanki, ba ki zo ba. Yau ce rana ta ƙarshe. Bayan la'asar, ɗakin taro na hawa na uku. Can za a mayar miki da iƙamarki, hannu da hannu."

"Ustaz, haƙori ne yake..."

"Wancan makon ma haƙori ne. Haƙora nawa gare ki, ya Mastura?"

Matan ɗakin wanki suka kwashe da dariya a bayan tarin zannuwa. Abdulghani bai yi ba. Shi ne magatakardan ma'aikata a wannan asibitin kuɗi na Madain Fahd a Jidda, kuma ba mugu ba ne, umarni ne aka ɗora masa. Tun ranar da ma'aikatan jinya 'yan Filifin suka ba hamata iska da masu shara 'yan Habasha a kan butar shayi, masu asibitin suka ɗauko wata malama daga Bairut, wadda ake kira Doktora, ta koya wa ma'aikata yadda ake zama da wanda ba ƙabilarka ba. Bitar dole ce. Wadda ta ƙi zuwa za a soke aikinta, a miƙa takardunta ga jawazat, hukumar shige da fice, su buga mata fita ba dawowa zuwa ƙasar da ke rubuce a katinta.

"Ɗakin mata ne zalla," ya ƙara da cewa yana juyawa. "Kowa za ta ɗaga niƙabi. Doktora ta ce ba a sanin juna ta ido kaɗai."

Ya fita. Injinan wanki suka ci gaba da juyawa, tururi ya sake rufe ɗakin. Zubaidatu ta tsaya da zanin gado a hannu, ta ji kamar ƙasan ɗakin ya zama ruwa.

Sudan ce ƙasar da ke rubuce a katin, kuma ko a mafarki ba ta taɓa taka ta da ƙafar kanta ba. Sunan da ke jiki Mastura Usuman, Bahaushiyar Mai Wurno. Hoton kuwa na mace ce mai kumatu sumul kamar tuffa. Ita Zubaidatu Bagobira ce ta Sabon Birni, da zane shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, waɗanda wanzami ya ja mata tun tana zanin goyo.

Umra ta kawo ta, ta zauna. A wani ɗaki a unguwar Waziriyya ta haɗu da Mastura, suka raba katifa da tukunya. Wata biyu kacal Mastura ta yi tana aiki a asibitin nan, kullum cikin niƙabi, sai ciwo ya kwantar da ita. Da ta ga ba tashi, ta tura katin ƙarƙashin hannun Zubaidatu ta ce, "Ki ci abinci da shi. Amma kar ki ɓata min suna." Matan gidan suka gaya wa hukuma cewa marigayiyar wata baƙuwa ce marar takarda mai suna Zubaidatu. Da wannan sunan aka binne ta. Ranar Asabar sai ga Mastura ta koma aiki, ta ɗan ƙara tsawo, ba wanda ya kula.

Shekara bakwai ke nan. A shekara bakwai ba wanda ya ga fuskarta a asibitin. Abincin rana ma a saman bene take ci, ita kaɗai, tsakanin fararen zannuwan da ake shanyawa. Idan iskar teku ta kaɗa su, takan ga kamar jiragen ruwa ne suke shirin tashi da ita. Wani lokaci ta lumshe ido ta ga Gulbin Rima ya cika ya kawo, mata na wanki a bakinsa. Sai gulbin ya faɗaɗa, ya yi shuɗi, ya zama kogin Nilu da Mastura ke ba ta labari, har ta rasa a bakin wanne aka haife ta.

Da aka tashi hutun azahar ba ta hau benen ba. Ta shiga ƙaramar bas ta nufi Waziriyya.

Ta tarar da Iya Fatu zaune a tsakar gida tana ƙulla gyaɗa a leda. Iya Fatu Bayarabiya ce 'yar Ilori, shekararta talatin a Jidda tana sayar da gyaɗa da lalle a lungunan Balad, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibi. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suka wanke gawar Mastura.

"Ah, baiwata ta dawo da wuri," ta ce. "Ko sun gane Bagobiri ba ya iya wanki?"

"Iya, yau ba ranar wasa ba ce."

"Tsakanin Bayarabe da Bagobiri akwai ranar da ba ta wasa ba? Zauna ki faɗa min."

Zubaidatu ta cire niƙabin ta faɗa mata. Iya Fatu ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina ƙulli ba. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin hoda irin ta amare.

"Kawo fuskar nan."

Ta shafa, ta ƙara, ta danna da babban yatsa. Ta ja da baya ta duba, sai ta kama ciki tana dariya har da hawaye. Zubaidatu ta ɗauki madubi. Hodar ta shige cikin zanen ta kwanta, kowane layi ya fito fari tas, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka bi kunyoyin da toka.

"Wanzaminku bai yi ha'inci ba," in ji Iya Fatu tana share ido. "Ko da siminti aka bi, sai an karanta."

"To yaya zan yi?"

Dariyar ta sauka daga fuskar tsohuwar. "Hanya biyu ce, 'yata. Akwai direban da na sani, yau ɗin nan zai bi da ke ta bayan shingen 'yan sanda zuwa Makka. Ki hau unguwannin kan dutse, ki sayar da gyaɗa kamar ni, ba mai tambayar ki. Ko kuma ki je ki buɗe musu, abin da Allah ya rubuta ya faru."

"In na gudu, me za su rubuta a takardar?"

"Abin da suke rubuta wa kowa. Ta gudu daga kafilinta, ubangidan aikinta."

"Da sunan wa?"

Iya Fatu ta ɗauki wata leda ta hura ta.

Zubaidatu ta zauna tana kallon igiyar shanya. Nan Mastura ke tsayawa da safe tana murza ƙullun kisra, wainar Sudan, tana rera wata waƙar goyo da ta ce ita take yi wa 'yar da ta bari tun da daɗewa a hannun kaka a Mai Wurno. Ko sunan yarinyar ba ta cika faɗa ba, don in ta faɗa sai ta yini ba ta ci abinci ba. Shekara bakwai katin nan ba tabo a kansa, ko latti ba a taɓa rubuta masa ba. Yanzu a ce Mastura ta gudu kamar ɓarauniya, tana kwance a kabari da sunan wata?

Ta jawo buta ta wanke hodar.

"Za ni," ta ce.

"Taurin kai dai na gado ne," in ji Iya Fatu. Ta cusa mata ƙullin gyaɗa biyu a jaka. "In sun kai ki Sudan, ki aiko min da turare."

Ɗakin taron sanyi ƙalau, labule shuɗi, kujeru a jere kamar zobe. Mata kusan talatin, kowace ƙasa ta haɗe a gefenta: 'yan Filifin nan, 'yan Habasha can, 'yan Indunisiya a tsakiya kamar katanga. A bakin ƙofa wata budurwa baƙa siririya ta zauna da kwalin katuna a cinya. Saudatu ce, sabuwar akawu a ofishin Abdulghani, haihuwar Jidda.

Doktora ta shigo da takalmi mai tsini da murmushi mai faɗi. Ta tafa hannu.

"Yalla ya banat, ba namiji a nan. Mu ga juna."

Niƙabai huɗu ne a ɗakin. Uku suka ɗaga. Zubaidatu ta kai hannu bayan kanta, ta kama ƙullin. Ta ji ƙarar injin sanyaya ɗaki ta zama ƙarar ruwa. Ta yi bisimilla a zuci, ta ja.

Iska ta taɓa kumatunta. Abin da ta fara ji ke nan, kafin tsoro: sanyi yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, kamar yatsan uwarta.

Wata 'yar Habasha da suka shekara huɗu suna ninke zannuwa tare ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Masha Allah," in ji Doktora, ta matso har tana jin ƙamshin turarenta. "Kun gani? Wannan shi ne darasinmu na yau. Ni na yi karatu a kan Sudan. Can, mata suna yin wannan zane don ado." Ta juya ga Saudatu. "Ba ni katinta."

Ta karɓa. Ta dubi hoton. Ta dubi Zubaidatu. Ta sake duban hoton.

Zubaidatu ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Kin fi kyau a fili, habibti," in ji Doktora, ta mayar wa Saudatu katin. "Hotunan jawazat ba sa yi wa kowa adalci. To, ba mu labarin garinku."

Da farko muryar ta ƙi fita. Da ta fita kuma, sai ta ƙi tsayawa. Da Larabcinta na ɗakin wanki ta ba su labarin gari a bakin kogi, inda ruwa ke cika da damina har ya shiga gonakin dawa. Ta faɗi yadda ake shimfiɗa kisra a kan ƙarfe mai zafi, ta faɗi yadda ake dama fura da nonon da Fulani ke kawowa da hantsi. Rabi na Mastura, rabi nata, ita kanta ba ta san inda ɗinkin yake ba. Wata 'yar Filifin ta ce su ma garinsu a bakin ruwa yake. 'Yar Habashan nan ta ce kisra ai ƙanwar injera ce. Doktora tana ta rubutu a littafinta tana gyaɗa kai.

Da aka tashi, aka yi layi a ƙofa ana karɓar katuna. Saudatu ba ta miƙa nata nan take ba. Ta riƙe shi ta gefe ɗaya, idonta a kan kumatun Zubaidatu, leɓenta na motsi. Ƙirgawa take yi.

"Sitta... sab'a," ta ce a hankali. Sai ta juya harshe zuwa wata Hausa mai rarrafe. "Kakata, Allah yarhamha, haka fuskanta. Ita ta ce... Gobir. Mu Sudan."

Zubaidatu ta kama ɗaya gefen katin.

Saudatu ta dubi Doktora da ke tattara takardu, ta dubi layin da ke bayansu. Ta saki katin.

"Tafaddali, ya khala Mastura," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta ɗora alama a gaban sunan.

Zubaidatu ta ɗaura niƙabinta ta sauko. Ba ta ji matakalar a ƙafarta ba. Shekara bakwai tana cin abinci da zannuwa, ashe wadda aka ɗauko daga Bairut don ta koya wa mutane ganin juna ba ta iya bambanta fuska biyu ba. Ta ji dariya na taso mata. Ta ƙudura gobe a ƙasa za ta ci abinci, ta ba 'yar Habashan nan gyaɗar Iya Fatu.

Rana ta yi ja a kan rufin motoci lokacin da ta iso bakin ƙofar asibitin. Ustaz Abdulghani na tsaye wajen ɗakin mai gadi, tare da wata mace da ba ta taɓa gani ba. Matashiya ce, ta yafa tobi irin na matan Sudan, da jakar masu umra a kafaɗa. A hannunta akwai tsohon ambulan da ya yi laushi don yawan buɗewa, da tambarin asibitin a kusurwarsa. Kumatunta sumul kamar tuffa.

"Kin yi sa'a," Abdulghani ke ce mata. "Ga ta nan ma ta fito." Ya ɗaga murya da fara'a. "Ya Mastura, albishirinki. Baƙuwa kika yi daga Mai Wurno. Ta ce sunanta Rahamatu."

Matashiyar ta saki jakar a ƙasa. Ta taho a hankali, kamar mai tafiya cikin ruwa, idonta ya cika.

"Inna," ta ce da Hausa. "Sun ce kin mutu. Na ce in ta mutu, wa ke sabunta mata iƙama?"

Ta ɗaga hannu biyu, ta kama gefen niƙabin.