Dirhaman da Inno Ta Wanke

"Idirisu, zo ka gani, na wanke masa su tas!"

Idirisu ya tsaya cak a tsakar gida. Dawowarsa ke nan daga neman motar asibiti. Ranar ville morte ce, wato yajin aikin gari gaba ɗaya, duk unguwar New Bell ba taksi, sai hayaƙin tayoyi. Ga maƙwabcinsa Malam Ɓoɓɓo kwance a ɗaki, numfashi da ƙyar. Ga Inno matar Malam tsugune, toka da lemun tsami a gabanta.

Innalillahi! Dirhaman tsohon ne a faranti. Tun yana aiki a tashar jiragen ruwa yake sayen su hannun matuƙa, azurfar zamanin sarakunan Mongol da suka musulunta. Ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba. Kullum faɗi yake, baƙin da ya kwanta a kansu shi ke fito da kalmar shahada. Yanzu kuwa sun yi fari fat kamar murfin kwano, rubutun sai an ƙura ido.

"Haba Inno, me ya kai ki?"

"Shi ya ce a kawo masa. Da dauɗa zan kai masa sunan Allah?"

Ta dubi fuskarsa, murmushinta ya gushe. Idirisu ya san zuciyar Malam sarai. In ya gani, da fushin baiwar Allahn nan zai tafi, ita kuma ta ƙare rayuwarta da baƙin cikinsa.

"Inno!" Muryar Malam ta fito daga ɗaki. "Ina suke?"

"Malam, bari sai ka ji sauƙi," in ji Idirisu.

"Ah non, a'a. Yanzu."

Inno ta shiga da farantin. Tsohon ya lalubo ɗaya, ya kai kusa da ido, ya murza, ya sansana. Can bakin titi aka harba wani abu, ba wanda ya waiga.

"Lemun tsami," ya ce a hankali.

Ya daɗe yana kallon yatsunta da toka ta cinye.

"Daga wanda ya ƙera su sai ni muka gan su haka. Sannu da aiki, Inno."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Da za a yi masa wanka, Idirisu ya buɗe masa hannu, dirhamin na ciki da sauran ɗumi. Ya miƙa wa Inno. Ta ɗaure shi a bakin zaninta.