Kalangun Ayuba a Zaman Makoki

Kuɗin cizo ya ci gidan Ayuba makaɗi da yaƙi. Duk unguwar Poumpoumré an sani, domin matarsa Hansai ba ta iya shan wahala a ɓoye ba. Ita ta je ta ɗauko Martin mai feshi a kan moto mai ƙafa biyu, da tankinsa a baya da tsumma a hanci.

Martin ya leƙa ɗaki ya ce, "Maigida, kome a bar shi ciki. Katifa, akwati, ganguna, duka. In fesa purodi, maganin ƙwari, in kulle har gobe."

Ayuba ya ji kamar an ce a fesa wa mahaifinsa. Babbar ganga dai a fesa, garaya ma ta sha. Amma kalangun nan tsohonsa ne ya ɗaure fatarsa da hannunsa kafin ya rasu, kuma Ayuba ya tabbata in magani ya taɓa ta, muryar ta tafi ke nan.

"Baban Raudatu, na ga idonka," in ji Hansai. "Wallahi ka fitar da abu ɗaya, ƙwaron nan ya dawo, da kalangunka zan dafa wake."

Ya ce haba, shi yaro ne? Sai ya shiga wai zai sake kaya. Ya rataya kalangu a hammata, ya zumbula babbar riga a kai, a zafin Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya fito yana tafiya a karkace. Martin ya yi feshinsa ya danna kwaɗo.

Niyyarsa ya kai wa wani aboki ajiya. Rashin sa'a, hanyar ta bi ta ƙofar gidan wani tsohon mahauci da ya rasu, ana zaman makoki, kuma surukin Ayuba, Malam Abdulhalim, ne ke jan addu'a. Malam ya ɗaga masa hannu. Wa ya isa ya wuce suruki? Ayuba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya raɓa gefen tabarma yana gumi.

Ashe hedikwatar kuɗin cizon gidan duka tana cikin kalangun nan. Da suka ji ɗumin jiki da duhun riga, suka fito cin abincin rana.

Ayuba ya daure. Ya cije leɓe, ya lumshe ido, har wani dattijo ya ce, Allah sarki, bawan Allahn nan ya ji mutuwar. Da wani ƙwaro ya kafa masa baki a haƙarƙari, bai san sanda ya kai mari ba. Marin ya sauka kan fata. Kalangu ya amsa.

Jama'a suka waiwayo. Wani cizon ya biyo, Ayuba ya matse hammata, ya sake kai hannu, ya kuma. To hannun makaɗi bai iya dukan banza ba. Abin da ya fito daga cikin rigar tsaf taken mahauta ne, su kuwa rabin masu zaman nan mahauta ne. Ƙanin mamacin ya miƙe tsaye kafin hankalinsa ya dawo, ya tsaya yana kallon jama'a, ya koma ya zauna a hankali.

Malam Abdulhalim bai ɗaga murya ba. "Ayuba, me ke cikin rigarka?"

"Baba, ajiya ce."

"Fito da ajiyar mu gani."

Ya fito da shi. Kuɗin cizo suka zubo kan tabarma, jajaye, sun ƙoshi. Ba a taɓa shafa fatiha da sauri irin na ranar ba.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Hansai a tsakar gida ta hura murhu, ta ɗora tukunya, ta miƙo hannu ya ba ta kalangun. Ayuba ya rungume kalangu. Kunya ta ishe shi, tsoro ya fi kunyar, don ya san matarsa ba ta rantsuwar wasa.

"Hansai, icen na yarda a fesa," ya ce. "Fatar ce. Ita kaɗai Baba ya bar mini."

Ya zauna a ƙasa ya soma kwance tsarkiya, ƙulli bayan ƙulli, waɗanda bai taɓa taɓawa ba tun ranar da tsohon ya ɗaure su. Ya san ba zai iya mayar da su yadda suke ba. Ya cire fatar, ya tura icen gefe domin Martin.

Hansai ta daɗe tana kallonsa. Ta yi tsaki, ta zaro tsinken tsintsiya don tsince ƙwarin, ta karɓi fatar ta ɗora a cinyarta.

"Matsa ka ba ni haske," ta ce. "Kuma tuɓe rigar nan tun daga can, kada ka matso min da ita."