Fitilar Da Na Kashe Wa Bartholomew

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Kano, kuma abin da na fi nanata wa ɗalibaina shi ne kada su karɓi magana don kawai kowa yana faɗinta. Da wannan halin na taho Lanham a Amurka, gidan ɗana Muntaka, bayan rasuwar maigidana.

Shi ya sa ranar da jikata Kausar ta shigo da hawainiya cikin gida, ni kaɗai na tsaya mata. Uwarta, Sa'adiya, ta gudu kicin tana salati. Ƙawata Hajiya Ɗija ta taso takanas daga Silver Spring don ta gargaɗe mu cewa yawun hawainiya yana sa kuturta.

Na ce, "Ɗija, kutare nawa kika sani da hawainiya ta tofa wa yawu? Faɗa mini sunan ɗaya."

"Haka dai muka taso muka ji."

"To ni ma na ji. Ji ai ba gani ba ne."

Aka yi dariya, Ɗija ta ci gaba da shan shayinta. Na ji daɗin kaina ƙwarai ranar.

Hawainiyar nan namiji ne, ɗan wata biyar, irin na ƙasar Yaman mai tozo a ka kamar ya kafa hula. Kausar ta raɗa masa Bartholomew. Na ce wannan suna ya fi mai shi nauyi, ni Bato zan ce. Kejinsa dogo ne na raga, da rassa da shuka mai rai a ciki. Ba ya shan ruwa a kwano, sai an fesa wa ganye ya lasa. Abincinsa gyare masu rai, a barbaɗe su da farar hodar ƙarin ƙarfin ƙashi. A saman kejin akwai fitila biyu: ƙwai mai ba da ɗumi, da wata doguwa siririya mai haske dishi-dishi.

A watan Agustan 2011 Kausar ta tafi jami'a a Ohio, inda ba a yarda da dabba a ɗakin kwanan ɗalibai. Iyayenta kullum suna wurin aiki, don haka aka turo kejin ɗakina, kusa da babbar taga. Ta manna mini takarda a bango, ta bi ta layi-layi da Hausarta mai tuntuɓe.

"Kaka, wannan dogon, shi ne mafi important. Awa goma sha biyu kullum. Sabo ne, na rubuta date a jiki. Bayan wata shida a canza, ko da yana haske."

"Ko da yana haske? Wa ya ce?"

"Kowa ya sani, Kaka."

"Ƙawata, kin san ni da kowa."

Ta yi dariya ta rungume ni. "Ki yi alkawari kawai."

Na ce na yi.

Sati biyu na bi takardar. Amma duk safiya sai in ga rana ta cika ɗakin tar, ta kwanta a kan kejin, ga kuma wannan abar tana ƙyalli a banza kamar kyandir da tsakar rana. Na tuna hawainiyoyin da ke yawo a bishiyar gwaiba a gidanmu na Gwale. Wa ya taɓa kunna musu lantarki? Na ce a raina, mutanen ƙasar nan ko iska suka samu hanya sai sun zuba ta a kwali sun ce dole ka saya. Fitilar ɗumi na gane amfaninta, ni ma sanyin nan yana shiga gwiwata. Doguwar kuwa na zare wayarta. Har na ji kamar na yi wa Bato gata, na ba shi rana ta Allah maimakon ta kanti.

Duk Lahadi Kausar takan kira ni, ni ce farko kafin iyayenta, ta ce mini ƙawata in ce mata ƙawata.

"Kaka, fitila tana on?"

"Haske kam yana samu har ya yi masa yawa."

Ban ɗauki wannan ƙarya ba a lokacin. Na zaɓi kalmomina ne da kyau, yadda mai ilimi yake yi.

A ƙarshen Oktoba Bato ya fara kuskuren gyare. Da can daga nesa yake harbo harshe ya ɗauke, yanzu sai harshen ya faɗi a rabin hanya. Na ce sanyi ne. Sai ya fara kama ƙafarsa da ɗaya ƙafar yana zaton reshe ne. Wata safiya na tarar da shi a ƙasan keji, yana jan ciki. Na ɗora shi a kan reshe, hannunsa na gaba ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Ana gobe Kausar za ta zo hutun Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, na mayar da wayar doguwar fitila na kunna. Wannan shi ne abin da har yau nake jin nauyin rubutawa. Da na tabbata ina da gaskiya, me zai sa in kunna?

Ko jakarta ba ta ajiye ba ta shigo ɗakina. Ta dubi Bato, ta dubi fitilun duka biyu suna ci. Washegarin biki Muntaka ya kai mu asibitin dabbobi a wajen Greenbelt, titi cike da masu rububin sayayya. Bato yana cikin kwali a cinyarta, an naɗe da tawul.

Likitar, Dakta Olive, mace ce mai natsuwa. Ta ɗauki hoton ƙashinsa ta kafa mana a allo. Ƙasusuwan sun yi fayau kamar an zana da hayaƙi, ga karaya biyu. Ta ce jikinsa bai samu hasken da zai sarrafa sinadarin ƙashi ba, sai ya riƙa cirowa daga ƙasusuwansa. Ta tambaya yaushe aka sa ƙwan doguwar fitilar.

Kausar ta ce Agusta. Ta ce tana ci kullum, kakarta ba ta wasa da abu.  Ta ce laifinta ne, a intanet ta sayo ƙwan, wataƙila jabu ne, da ta tsaya ta bincika, da ma ba ta tafi ta bar shi ba. Likitar ta ce hakan yana faruwa, kada ta matsa wa kanta.

Hanya ta buɗe mini sarai. In na yi shiru, laifi ya tafi kan wani kamfanin da ba a san shi ba, da kuma yarinya 'yar shekara goma sha takwas. Na dubi jakata, na dubi takalmina. Sannan na yi magana da Turancin da na koyar da shi shekara talatin da ɗaya.

"Ƙwan lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe shi tun Satumba. Yana samun rana ta taga."

Likitar ta tambaya a hankali, "Tagar a buɗe take?"

"A rufe. Gilashi biyu ne."

Ba sai ta ƙarasa ba. Gilashin taga yana barin haske da ɗumi su wuce, amma yana tare wannan ɓangaren na hasken rana da ido ba ya gani, wanda fata ke buƙata. Na sani. Na sha zana shi a allo da alli, na sha cire wa yara maki a kansa. Hawainiyoyin Gwale ba a bayan gilashi suke ba. Ban taɓa haɗa darasin da tagar ɗakina ba, domin ba bincike nake yi ba, so nake kawai in fi takardar bango wayo.

Kausar ta juyo. Da Hausa ta yi maganar, kuma ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba.

"Amma jiya na gan ta a kunne, Kaka."

Muntaka ya sunkuyar da kai. Ni ce uwarsa, ba zai iya yi mini faɗa ba.

Na ce, "Shekaranjiya na kunna. Don kada ki gani."

Muka shiga mota muka koma gida.

Bato bai mutu ba. An ba mu maganin ruwa da ake ɗiga masa a baki da ɗan sirinji, aka saukar da rassansa ƙasa-ƙasa, aka shimfiɗa tawul saboda faɗuwa. Likita ta ce ƙashin zai yi ƙarfi, amma abin da ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan. Kafin Kausar ta koma, ta sa fitilun a kan agogon da ke kunna su ya kashe da kansa, ta naɗe wayar da salatif ta yadda ba ta zaruwa. A gabana ta yi, ba ta dube ni ba. Kejin ta bar shi a ɗakina don babu wani mai lokacin ba shi magani.

Ranar Lahadi waya ta yi ƙara a falo; Kausar ce, uwarta ta kira, ba ni ba. Na ji Sa'adiya, wadda ko kallon hawainiya ba ta iya yi, tana tahowa har bakin ƙofata, ta leƙa, ta ce a wayar, "E, duka biyun suna ci." Ta gaishe ni cikin ladabi ta koma.

Haka aka yi ta yi har Fabrairu. Ranar da ƙwan ya cika wata shida na sa Muntaka ya kawo sabo. Tsohon yana haske lafiya lau lokacin da na cire shi. Na rubuta kwanan wata a jikin sabon, na ce Sa'adiya ta ɗauki hoto ta aika wa Kausar.

Da yamma wayata ta yi ƙara.

"Kaka, ina wuni. Ya ci gyare yau?"

"Uku. Na huɗun ya kuskure."

"Daga nesa ko kusa?"

"Kusa. Kamar tsawon yatsana."

Ta ce to, ranar Lahadi in sake aunawa in gaya mata. Ba ta ce mini ƙawata ba, ni ma ban ce ba. Na ɗauko rula na ajiye kusa da kejin.