Gumin Randa

"Yoyo take yi, Yelwa. Da idona na gani."

"Gumi take yi! Sau nawa zan faɗa maka? Gumi!"

"To, mu a wajen aikinmu duk abin da ke ɗiga sunansa yoyo."

"Nan wajen aikinku ne? Ka ga taya a jikinta?"

Randar da ake faɗan a kanta tana zaune tsakaninsu a tsakar gida, baƙa wuluk tun daga wuya har gindi, tana ƙyalli a rana, warin kwalta na tashi daga jikinta. Da safe ja ce. Yelwa ta haye gadar kogi ta tafi unguwar Zongo sayo igiya da buhun algarara, ta dawo ta tarar mijinta, Malam Tanimu direba, ya narka kwalta a gwangwani ya shafe randar tsaf. Har ja da baya yake yana karkata kai yana duba aikinsa, kamar mai jiran tukuici.

Gidan haya ne a unguwar Kirkisoye da ke Yamai, ɗaki biyar, kuma a ranar babu matar da ta ga dalilin tsince shinkafarta a cikin ɗaki. Kowacce ta fito da faranti bakin ƙofa, kai a sunkuye, kunne a miƙe. Wata ma shinkafar babu a farantin.

Shekarar ce da kogin Yamai ya janye har mutane ke tsallake shi da ƙafa, takalmi a hannu. Sojoji ke riƙe da ƙasa. Kowane mako ana loda wa manyan motoci jar dawar taimako a tura su arewa, inda dabbobi suka ƙare, masu su suka zauna a gefen hanya suna jira. Ran Litinin wani sarjan ya tsaya a garajin su Tanimu da ke unguwar Filato ya karanta sunaye: kwana goma sha biyu, can gaba da Tawa, kwana a daji ƙarƙashin mota, tashi ran Asabar da hantsi. Wanda bai da lafiya ya faɗa, a karɓi makulli a ba wani. Da aka zo kan Tanimu ya amsa sunansa da ƙarfi fiye da kowa.

Alhali shekara biyu ke nan yana fama da ciwon sukari, safe da yamma sai ya yi wa kansa allura. A garaji babu wanda ya sani. A Kirkisoye kuwa, har mai sayar da gawayi ya sani. Kwalaben maganin, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa, a firigon Halimatou suke kwana, ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin ƙurya, ita kaɗai ke da firigo a layin. Ita ce ta faɗa wa Yelwa ba tare da kwana-kwana ba cewa zafin mota a watan nan zai kashe maganin cikin 'yan kwanaki. A ido zai zauna yadda yake, amma idan ya tsira wa jikinsa kamar ruwa ya tsira. Kuma inda za su babu asibiti.

Yelwa ba ta yi kuka ba. 'Yar maginan tukwane ce daga Mirya, ƙasar Damagaram, tun tana rarrafe take cikin yumɓu. Ran Laraba ta shiga mota ta tafi kasuwar ƙauyen Bubon. Randa ta kai arba'in ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa tana saurare, sannan ta ɗora harshenta a jikin kowacce. Idan harshe ya manne, randar na shan ruwa, za ta yi gumi. Idan ya zame, ta ado ce. Bazabarmiyar da ke sayarwa ta gaji ta tambaye ta ko miji take zaɓa. Yelwa ta ce da ta yi wa miji irin wannan binciken da yanzu ba ta nan.

Ta dawo da guda ɗaya, mai kaushin jiki. Ta wanke yashin kogi ta zuba a gindinta, ta zaunar da gwangwanin madara mai murfi a tsakiya, ta cika kewayensa da yashi har wuya, ta jiƙa yashin, ta rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye inda inuwa take kuma iska ke wucewa. Ran Alhamis ta saka curin man shanu a gwangwanin tun safe. Da azahar, lokacin da ƙadangare ma ke neman inda zai ɓuya, ta buɗe, curin na nan daram. Halimatou ta zura ma'aunin zafi, ta duba, ta sake dubawa, ta ce wannan zai riƙe.

Yau Juma'a. Ga randa nan cikin baƙar riga.

"Malam, wa ya aike ka?" in ji Yelwa. "Na ce maka ka taɓa? Awa biyu kawai na bar gidan nan."

"Moɗa uku kika zuba mata jiya. Da safe na duba, yashi ya bushe rabi, ƙasan gindinta a jiƙe." Ya ajiye tsinken da ya yi shafen da shi. "Ke ba ki ga hanyar nan ba, Yelwa. Wancan zuwan na ga mata sun yini a bakin rijiya, guga na fitowa da laka, su matse a zane su ba yara. In faka mota a gabansu da randa tana zubar da ruwa a ƙasa? Da wane ido?"

Farantai suka tsaya cak a bakin ƙofofi. Yelwa ma ba ta zaci amsar za ta zo ta nan ba. Da ta sake magana muryar ta sauka, amma ba ta huce ba.

"Ruwan da ke fita shi ke tafiya da zafin. In bai fita ba, zafin na ciki. Kai da kake jiƙa riga biyu kafin azahar, don me ban taɓa shafe ka da kwalta ba?"

Wata daga cikin masu tsintar shinkafa ta yi tari mai kama da dariya.

"Sa hannunka," in ji Yelwa. "Sa mana."

Tanimu ya ɗage tsumman ya cusa hannu cikin yashin. Ya daɗe bai fitar ba. Mutum ne da idan ya ɗora tafinsa a kan inji zai gaya maka abin da ke damun mota, don haka babu wanda ya buƙaci yi masa bayani. Yashin ɗumi ne da shi kamar kunun da aka sauke ɗazu.

"A kankare," ya ce a hankali.

Ya ɗauko wuƙa. Ya ɗauko kananzir da tsumma. Ya durƙusa yana gurza, gumi na ɗiga daga haɓarsa, kwaltar na tashi daga sama tana barin baƙi a cikin kowane ɗan rami na yumɓun. Yelwa ta tsaya a kansa hannu a ƙugu har ya gaji don kansa.

"Ta riga ta sha kwaltar," ta ce. "Ko shekara za ka yi."

"To in koma Bubon."

"Kasuwa sai Laraba. Laraba kana ina?"

Ya wanke hannu, ya sa hula, ya fita. Dab da magariba sai ga shi ya dawo rungume da wata randa daga kasuwar cikin gari, sumul, an yi mata zanen fari da ja, har da 'yan furanni a wuya. Ya dire ta a gaban matarsa yana haki. Yelwa ta dubi randar, ta dube shi, ta sunkuya ta ɗora harshe. Harshen ya zame kamar a kan tangaran.

"Wannan ta jeren amarya ce," ta ce. "Ko akwai wadda ka ajiye a Tawa ba mu sani ba?"

"Haba, Yelwa."

"Ai kuwa za ta yi kyau a ɗakinta."

Ya zauna a kan turmi ya cire hula. "Sai in naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma in rataye a gefen mota."

"Kafin ka wuce Doso ya bushe."

"To Allah na nan."

"Yana nan lokacin da ya halicci yumɓu da ƙofofin gumi, kai kuma ka bi ka toshe."

Daga nan suka shige ɗaki, aka saki labule. Abin da ya ba matan gidan haushi shi ne, har gari ya waye babu wadda ta ji ko tari.

Da safe Tanimu ya tafi ya ɗauko motar ya faka a ƙofar gida, lodin dawa a rufe da tamfol. Ya shigo ɗaukar jakarsa sai ya tsaya a bakin ƙofa. Kusurwar ɗakin da ke bayan gado babu komai a cikinta sai zagayen danshi a ƙasa. Ruwan sha na cikin bokiti. Randar da ta shekara ashirin da shida a wannan kusurwa, da kusurwoyin gidajen haya uku kafin wannan, tana tsakiyar ɗaki zaune cikin tsohuwar taya.

Kowa a gidan ya san randar nan, ko da yake ba kowa aka bari ya ɗebi ruwa a cikinta ba. Ita ce ta ƙarshe da mahaifiyar Yelwa ta gina kafin ta rasu. Ba ta da kyau. Bakinta ya ɗan karkace, a wuyanta akwai shatar babban yatsan tsohuwar har guda uku. Amma ruwanta ko a watan bazara sai ya kama haƙori. 'Yarsu Zeinabou ta roƙa a ba ta ita lokacin aurenta, Yelwa ta ce ta ɗauki gado da katifa da uban ma in tana so, randa dai tana nan.

Yanzu ga ta cike da yashi, gwangwanin madara a tsakiya. Yelwa na durƙushe tana cusa tsummoki tsakanin randar da tayar, ta naɗe cikinta da buhun algarara, tana ɗaure igiya da haƙori da hannu.

"Yelwa," ya ce. "Ban da wannan."

"Riƙe nan."

"Hanyar nan ba ta barin ƙarfe ma, balle..."

"Na ce riƙe nan."

Ya durƙusa ya danne igiyar da yatsa, ta ƙulle a kai.

"Saurara, don ba zan maimaita ba. Bayan kan mota za ka ɗaure ta, inda tamfol ke yin inuwa, iska na bugunta. Ban da cikin mota, ban da rufe ta da leda. Moɗa ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya da magariba. Ba sai ruwan sha ba. Ka yi alwala a kan kwano, ka zuba mata abin da ya taru. Wanda ya ɗiga kuma, ga tasa nan na sa a ƙasa, ka mayar mata. Babu matar da za ta ga kana zubar da ruwa."

Ya dubi 'yar tasar da ke ƙarƙashin tayar. Ya ɗan jima yana dubanta.

"Idan kun sauka, gindin mota ta gefen da iska ke fitowa. Kar ka bar kowa ya jingina da ita. Kwaltar nan kuma na ba Halimatou ta ɓoye."

"Ai na taɓa kawo ta daga Mirya ba ta fashe ba," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi.

"A cinyata ta zo."

"Kwana huɗu na yi a hanyar kwana biyu. Maigidana har ya zaci na sayar da motar."

"Wa ya ce ka yi ta tsayawa?"

"Ke kika ce randa na son hutu."

Yelwa ta sunkuyar da kai tana gyara wani ƙulli da ba ya bukatar gyara. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba a hankali tana zagaya yashin, sannan ta shimfiɗa tsumma a baki. Ba a jima ba buhun ya fara duhu, ɗakin ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Aro na ba ka," ta ce. "Kwana goma sha biyu. Ina ƙirgawa."

"Idan ta fashe fa?"

Ta miƙe tsaye, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta ɗaura zanenta da kyau, ta ja mayafi, tana duban bango.

"In ta fashe ka tsince tsingaron, ko ɗaya kar ka bari. Ka kawo mini da hannunka. Ban ce ka aiko wani ba. Ban ce sarjan ya turo mota ba. Da hannunka, ka shigo ta ƙofar nan da ƙafarka, in yi maka masifar da ba ka taɓa ji ba."

"Yelwa..."

"Bari in karɓo kwalaben. Mutum sai surutu, rana na yi."

Ta fice ta bugo ƙofar kwanon da ƙarfin da ya sa matan tsakar gida suka zabura, kowacce ta koma kan farantinta. Ɗakin ya girgiza. Wani ɗigo da ya taru a gindin randar ya yi rawa, ya faɗa cikin tasa. Wani ya fara taruwa a gurbinsa. Hannun Malam Tanimu ya ɗaga da kansa ya nufi wurin kamar zai toshe, sai ya kama shi da ɗayan, ya cusa su duka biyun a aljihu, ya zauna a bakin gado yana kallo.