Jan Fenti a Benen Alhaji Zunnuraini

Shekarar da aka rufe boda, masarar da za ta Maraɗi ta maƙale a Jibiya, ga damina ta kankama. Alhaji Zunnuraini ya sa Inusa mai walda ya haɗa masa benen ƙarfe cikin sito don buhuna su bar ƙasa. Ƙarƙashin benen ya zama wurin hutun 'yan dako da rana. Ya'u, mutumin Maraɗi da rufewar ta hana komawa gida, har jakarsa a can yake ratayewa.

Da Mu'minat, 'yar Alhaji mai karatun injiniya, ta zo hutu, sai ta auna benen. Inusa na tsaye ta zana benen a kwamfuta, tana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan, na'ura na lissafi, har zanen ya durƙushe. Ta ce ƙarfe ba ya karyewa gaba ɗaya, wuri-wuri yake lanƙwashewa. Ta shafa jan fenti a wurare uku a jikin benen.

"Na farko gargaɗi ne, Baba. In na biyu ya saki, a sauke kaya. Na uku ba ya sallama."

Ta koma makaranta, motoci suka ci gaba da juye masara. Ba a jima ba wuri na farko ya lanƙwashe. Inusa bai ga abin tashin hankali ba, kullum yana gyara irin wannan a ƙarfen tirela. Aka tokare, ya gasa wurin har ya yi jawur, ya buge shi ya miƙe. Wuta ta cinye jan fentin, ya shafa baƙi. Ya'u na kwance yana tsokanarsa, wai maɗorin ƙarfe, ko zai duba masa ƙugu.

Ran da na biyu ya saki, Alhaji ya ce ai wannan ne na farko, tunda wancan ya warke. Inusa ya ɗaga kai ya dubi inda ya gyara. Baƙin fentin ya tsattsage kamar busasshen taɓo. Ya fara cewa ko a rage buhunan sama.

"Ba kai ka gyara shi ba, Inusa? Ko aikinka ba ya riƙewa?"

A gaban direbobi Alhaji ya yi tambayar. Inusa ya haɗiye sauran maganar, ya ce bari ya ɗauko gas. Yana fita wata mota na shigowa da baya.

Bayan Azahar yana turo tukunyar gas a baro ya ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi, doguwa ce kamar nishi, sai ƙasa ta motsa.

Ya tarar mutane na janye buhuna da hannu, masara na kwarara har bakin ƙofa, suna kiran Ya'u ba amsa. Jakarsa na nan rataye a ginshiƙin da bai faɗi ba. Ƙarfen da ke da jan fenti na uku ya sauko daidai fuskar Inusa, a naɗe. Ya saki baron ya kama buhu.