Ranar da Marwan Ya Ci Idon Kifi

Marwan haifaffen Makka ne, a unguwar Rusaifa yake da ɗan shagon gyaran waya. Kakanninsa daga Kano suka zo, amma shi Hausarsa ba ta wuce wadda ake aiken yaro sayen burodi da ita ba. Da magana ta yi tsawo sai Larabci ya ƙwace. Yana neman auren Samah, 'yar Alhaji Yunus na unguwar Hindawiyya, kuma komai ya daidaita sai abu guda: Alhaji ya ce ba zai sa rana ba sai yayarsa, Gwaggo Kabira, ta ga yaron. Ga ta kuwa ta zo Umara daga Maraɗi.

Ranar da ya je gaishe ta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To, ɗan nan, ban da latsa waya mi ka sani?"

Marwan ya rikice. Abin da ya fara zuwa bakinsa shi ya faɗa. Ya ce ai ya san Jidda kamar yunwar cikinsa, kuma duk baƙon da ya koma gida bai ci kifin Jidda ba, to, an cuce shi. Ya shiga lissafa mata sayadiyya da najil da jambari da kaboriya, yana kaɗa kai kamar da su aka yaye shi.

Samah da ke zuba shayi ta ja mayafi ta rufe baki. Ta san ko warin kifi Marwan ba ya so. Abincinsa soyayyiyar kaza ce da shawarma, sai fa in an matsa masa ya ci shinkafa.

"Madalla," in ji Gwaggo. "Asabar sai ka kai mu."

Asabar da hantsi suka kama hanyar Jidda, Marwan na tuƙi, Gwaggo da Samah a baya. Kasuwar kifin tana bakin teku. Tun daga wajen ajiye mota ƙarni ya tarye su, Marwan ya fara numfashi ta baki. Gwaggo kuwa ta ɗage gefen abayarta ta kutsa tsakanin tebura.

Ta tsaya gaban wani kifi mai launin kore da shuɗi da ruwan hoda, ta tambayi sunansa. Mai kifin ya ce harid.

"Wannan ai atamfa ce, ba kifi ba," ta ce. "Ban cin abin da ya fi ni ado."

Marwan ya nuna mata najil, jajaye masu ɗigo-ɗigo a jiki, ya ce shi ne sarkin kifin Jidda. Ta ɗaga kunnen ɗaya ta leƙa, ta danna cikinsa da yatsa, ta ce a ɗauka. Da suka zo kan jambari ne aka sami matsala. Gwaggo ta dubi tulin 'yan halittun masu gashin baki da ƙafafu birjik, ta ja da baya.

"Wannan fa?"

Marwan ya nemi sunansa da Hausa ya rasa. "Ya ammati," ya ce, wato gwaggona da Larabci, "wannan... ƙwaro ne. Ƙwaron ruwa. Mai daɗi marra, daɗi sosai."

"Ƙwaro za ka ba ni?"

"Jatan lande ne, Gwaggo," in ji Samah da sauri.

"Ko ma mi ne. Shi ya ce ƙwaro."

Duk da haka ta bari aka auna. Kaboriya kuwa, wato ƙaguwa, tana ganin guda ta ɗaga ƙahonta daga cikin kwando ta ce wannan kunama ce ta yi ƙiba, in Marwan na so ya saya wa kansa. Ya ce a'a, ai yau ranar baƙi ce.

Aka gyara musu kifin, suka kai wani ɗan gidan abinci a gefen kasuwa, inda ake soya wa mutum abin da ya sayo. Suka zauna a sashen iyali, a kan darduma. Ba a jima ba aka shigo da faranti babba: sayadiyya, shinkafar da aka dafa da romon kifi da soyayyiyar albasa har ta yi duhu, najil kwance a kanta da kansa da wutsiyarsa, jambari ya yi ja a gefe, ga kuma 'yar miya baƙa-baƙa a kwano, wadda mai kawo abinci ya kira da wani sunan Larabci.

Gwaggo ta dangwali miyar ta lasa. "Af, ashe tsamiya ce. Sunka ba ta wani suna don su tsorata mutane." Ta kai loma biyu na shinkafa tana gyaɗa kai. Daga nan ta ɗauki jambari guda da 'yan yatsu biyu, ta juya shi, ta yi bisimilla ta jefa a baki har da ɓawon. Ta tauna a hankali. Samah da Marwan suka zuba mata ido.

"Fara ce," ta ce. "Fara ce ta sami hutu ta yi tsoka." Ta buɗe jaka ta fito da ƙullin yajin da ta taho da shi daga Maraɗi, ta barbaɗa, ta jawo jambarin gabanta gaba ɗaya.

Marwan dai tun ɗazu shinkafa yake tsakura daga can bakin faranti, inda kifi bai taɓa ba, yana korawa da lemo. Yana ta magana don kada a lura. Sai Gwaggo ta ɓalle kan najil ɗin ta ajiye a gabansa.

"A wurinmu kai na maigida ne. Ci. Fara da idon, nan daɗin yake."

Idon ya yi fari fat, yana kallonsa. Marwan ya dubi Samah, ita kuma ta sami wani abin kallo a jikin bango. Ya ƙwaƙulo idon, ya rufe nasa idanun, ya haɗiye bai tauna ba. Hawaye suka cika masa ido.

"Yaya?"

"Laziz, ya ammati. Akwai daɗi."

"To, ga ɗayan."

Ya haɗiye na biyun. Don ya kore shi ya damƙi tsokar kifi ya tura, ƙaya ta tsaya masa a wuya. Ya shiga tari yana nuna maƙogwaro. Gwaggo ba ta ko tashi ba. Ta dunƙula shinkafa ta ce ya haɗiye, sannan ta miƙo hannu ta ɗirka masa duka a gadon baya, har mai kawo abinci ya leƙo ta labule. Ƙaya ta wuce, Marwan ya ce ya gode. Gwaggo ta koma kan jambarinta.

A hanyar komawa Makka ta yi barcinta. Marwan ya buɗe gilashi yana shaƙar iska, Samah na ta danne dariya a baya.

Bayan magariba Alhaji Yunus ya tambayi yayarsa yadda ta ga yaron, Marwan na zaune a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

"Bai san kifi ba ko kaɗan," ta ce. "Tun da munka shiga kasuwar na ga yana toshe hanci. Cika baki ne ya yi. Amma na ba shi ido biyu ya haɗiye bai yi mini musu ba, na doke shi ya ce ya gode. Yana da kunya, yana da haƙuri. Samah kuma ka san halinta, mai haƙuri take buƙata. Ka sa musu rana."

Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce bayan ƙaramar salla.

Marwan ya koma gida yana ta murna. Bai san cewa mahaifiyar Samah ta riga ta kira tasa mahaifiyar a waya ta ba ta labari ba, sai dai rabin labarin ta bayar. Washegari da ya dawo daga shago cin abincin rana, ya tarar da Ummansa a bakin murhu fuskarta cike da fara'a, gidan duk ya gauraye da ƙamshin suya.

"Ashe ka fara cin kifi ba ka gaya mini ba," ta ce. "Zauna, habibi. Na ajiye maka kan."