Kiran Ranar Allurar Shanu

Shanun suna ta kuka, amma ba a jin komai. Bakuna a buɗe, ƙaho na karo da ƙaho, ƙasa na tashi, duk cikin shiru kamar mafarki. Goggo Halima ta ƙara matso da fuskarta jikin kwamfutar da Mujitaba, ɗan ƙaninta, ya ɗora kan kifaffen turmi.

A Kano Mujitaba yake aiki, inda ake ceto tsofaffin faifan majigi kafin zafi ya narkar da su. A cikin wani gwangwani mai tsatsa ya tarar da wannan: hoton allurar ciwon bushiya da aka yi wa shanu a Badafi, shekara sittin da ɗoriya da suka wuce. Da ya ga wani dogon Bafulatani mai tsayuwar ubansa, sai ya hau mota zuwa Kwanar Dangora, babur ya ƙarasa da shi ruga.

"Kakanka ne," in ji Goggo. "Ga sandarsa nan. Wancan kuma Ɗanjuma mai fiton shanu. Duk wanda ka gani a nan ƙasa ta rufe masa ido. Allah Ya jiƙansu."

Sai hoton ya juya gindin wata ɗorawa, inda mata suka jera ƙoren nono. Goggo ta ƙura ido. Ta biyun daga gefe, mai siririn wuya, uwarta ce, Zulaihat.

Halima 'yar fari ce, kuma kowa ya san rabon ɗan fari a ruga. Tun yaye aka miƙa ta ɗakin kaka. Uwar ba ta kallonta a gaban mutane, ba ta dafa kanta, sunanta kuwa ko da kuskure. In ta kama dole sai ta ce "waccan". Kunya ce, kowa ya yaba mata. Amma yabon bai taɓa ɗumama yarinyar ba. Uwar ta rasu Halima ba ta kai goma ba, ta bar ta da tambayar da ba a yi wa kowa: kunyar ce kaɗai, ko dama babu komai a bayanta? Halima ta yi aure da tambayar, ta haihu da ita, ga ta har furfura.

A hoton, wani bijimi ya tsinke igiya. Maza suka watse. Wata 'yar yarinya mai tukkaye tana tsaye a hanyarsa, hankalinta na kan Baturen da ke ɗaukar hoto. Zulaihat ta miƙe zumbur, ƙwaryar ta kife, nono ya malale. Ga surukinta, ga mijinta, ga jama'ar gari, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ta wage baki ta yi kira. Bijimin ya kauce, hoton ya koma kan likitan dabbobi da allurarsa.

"Mayar da shi baya," in ji Goggo. "Ka ƙara masa murya."

"Goggo, ba shi da murya. Hoto kawai suka ɗauka, sai mai majigi ya riƙa yin bayani da bakinsa."

"Ku da kuke gyara komai?"

"Abin da ba a ɗauka ba, ba ya gyaruwa, Goggo."

Ita ce yarinyar nan mai tukkaye, ta tuna bijimin, ta tuna ƙurar, har warin maganin tana iya tunawa. Kiran ne bai taɓa isa kunnenta ba. Kukan shanu ya haɗiye shi tun ranar. Tsigar jikinta ta tashi. Baƙin ciki da daɗi suka haɗu, ta rasa wanda za ta fara ji.

Mujitaba ya mayar, ya rage gudun hoton. Bakin ya buɗe, harshe ya taɓa ganɗa, leɓɓa suka haɗu suka sake rabuwa. Matar da ke cikin gilashin ba ta kai jikar Goggo shekaru ba, idanunta cike da tsoro, tana duban waje ɗaya.

"Sake," in ji Goggo.

Ya sake. Ta gyara mayafinta, ta sauko daga kujera ta durƙusa yadda ake yi in babba ya yi kira. Da leɓɓan suka haɗu suka rabu, sai ta sunkuyar da kai.

"Na'am," ta ce.